Filin Tambayi Likita: Robar Jera Haƙora, Wa Ta Dace Da Shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon da yawansu akan abu ɗaya ne, wato robar nan garai-garai da ake sawa a haƙora don a jera su ba tare da wayar ƙarfen nan da ake mannawa a haƙora ba, wasu na ce mata alaina wasu kuma da sunan kamfani suka santa, Invisalign. Na tsamo waɗanda naga amsarsu zata amfani kowa, na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Dakta ya aiki ya ƙoƙari. Ni shekarata 24, haƙorana na ƙasa na gaba sun hau kan juna guda biyu ma sun juya gefe, tun ina sakandire nake jin kunyar dariya cikin mutane ko hoto za'a ɗauka sai na rufe baki, toh yanzu ina ta ganin bidiyo a TikTok na wata roba da ba'a ganinta wai tana jera haƙori ba sai ansa waya ba, ni dai abin bai shige ni ba, ta yaya roba zata motsa haƙorin da ya kafu a ƙashi? Dan Allah gaskiya ne ko talla ce kawai, kuma wata nawa take ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ne tana aiki, amma masu bidiyon nan rabin labarin suke baku. Bari in fara da yadda haƙori yake motsi, don in kika gane wannan duk sauran dokokin da kanki zaki ga dalilinsu. Haƙori ba ƙusa bace da aka buga a katako, tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe dashi, faɗin wurin ko rabin milimita bai kai ba. In aka danna haƙori a hankali kuma aka ɗore ba'a saki ba, ta gefen da ake tura shi jiki zai turo wasu ƙwayoyin halitta su riƙa cinye ƙashin wurin suna buɗa masa hanya, ta bayansa kuma inda ya baro wasu su riƙa gina sabon ƙashi suna cikewa. Da waya da roba duk wannan aikin suke sa jiki yayi, hanyar dannawar ce kawai ta bambanta.

Kuma dabarar ba sabuwa bace. Tun 1945 wani likita a Amurka mai suna Harold Kesling ya kawo robar da ake cizawa don ƙarasa daidaita haƙora, har ya nuna za'a iya yin su a jere ɗaya bayan ɗaya, sai dai a lokacin da hannu za'a yi komai aikin yayi yawa. Sai a 1997 wasu ɗaliban jami'ar Stanford, Zia Chishti da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align suka haɗa abin da kwamfuta, a 1998 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince, 1999 ya shiga kasuwa da sunan Invisalign. Yau kamfanoni da yawa ke yi, akwai ClearCorrect akwai Spark akwai Angel Aligner da sauransu.

Yadda ake yi kuwa, likita zai duba bakinki ya ɗauki hoton eksre, sannan ya zagaya haƙoran da wata ƴar na'ura mai kyamara ta kwaso siffarsu zuwa kwamfuta, ko ya baki wani abu mai danƙo ki ciza ya fitar da siffar. A kwamfutar ake tsara tafiyar kowane haƙori daga inda yake zuwa inda ake so ya tsaya, a raba tafiyar daki-daki, kowane mataki da tasa robar. Kowace roba ba daidai da haƙoranki na yau aka yi ta ba, daidai da inda ake so su kai aka yi ta, tazarar kuwa ƴar mitsitsiya ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, shi yasa ranar farko zaki ji ta matse sosai bayan kwanaki ki ji ta saki. Sati ɗaya zuwa biyu ki cire ki sa ta gaba.

Ga rabin da ba'a faɗa a bidiyo. Awa 20 zuwa 22 ake so ta kasance a bakinki kullum, cin abinci da goge baki kawai ke fitar da ita, da ita zaki kwana da ita zaki tashi. In kika cire ta awa biyar shida a rana matsin ya yanke, aikin cinye ƙashin ya tsaya, haƙorin ma ya fara komawa baya. Na biyu, yawancin mutane sai an manna musu wasu ƴan ƙullutai masu launin haƙori a jikin wasu haƙoran don robar ta samu abin kamawa, ana ganinsu in mutum ya matso kusa, ana kankare su in an gama. Na uku, tunda naki cunkoso ne dole a nemo musu fili, sau da yawa likita zai ɗan goge gefen haƙoran tsakaninsu da juna, daga milimita 0.2 zuwa 0.5 a kowane tsakani, ba ciwo kuma in ƙwararre ne yayi baya cutar da haƙorin. Waɗancan biyun da suka juya su zasu fi ɗaukan lokaci, juya haƙori yana cikin abinda ke ba roba wahala musamman fiƙa da yake mulmulalle ne. Cunkoso mara yawa wata 6 zuwa 12 yakan isa, mai yawa yakan kai wata 18 ko ya wuce. Je ki a duba ki, irin naki yana cikin waɗanda robar tafi ƙwarewa akai.

Tambaya: Ranki ya daɗe likita, na ga wani kamfani a intanet sunce zasu aiko min da kayan gwaji gida in ciza in mayar musu, su kuma su aiko da robobin gaba ɗaya a kwali ba sai na je asibiti ba, kuma kuɗin yafi na likita sauƙi nesa ba kusa ba. Haƙorana na sama ne suka ɗan turo gaba. In biya?

Amsa: Ɗan uwa kar ka biya, kuma wannan amsar da dukkan zuciyata nake baka ita. Abinda zaka ciza ka aika musu saman haƙori kawai yake nunawa, alhali aikin gaba ɗaya a ƙasa ake yinsa cikin ƙashi inda ido baya gani. Ba zasu san tsawon saiwar haƙoranka ba, ba zasu san ko ƙashin da ke riƙe dasu ya fara zaizayewa ba, ba zasu ga kogon da ke ɓoye tsakanin haƙora biyu ba, ba zasu san ko akwai wani haƙori kwance a cikin ƙashi da bai fito ba. Ciwon dasashi kuma mugun abu ne don baya zafi sai ya ci nisa, mutum na yawo dashi shekaru bai sani ba, in aka ɗora matsi akan haƙorin da dasashinsa ke da ciwo ƙashin zai ci gaba da tafiya ba tare da sabo ya maye gurbinsa ba, ƙarshe haƙorin ya fara girgiɗi, kuma ƙashin da ya tafi ta wannan hanyar dawo dashi ba ƙaramin aiki bane.

Sannan naka da kace sun turo gaba, turowar iri-iri ce. Akwai wadda haƙoran ne suka karkata, akwai wadda muƙamuƙin ƙasa ne ya gaza ya tsaya a baya, akwai wadda harshe ne ke tura su. Ko wacce da nata maganin, wata ma sai an cire haƙori don a samu filin jan na gaba baya, wata in ta tsananta a babba sai an haɗa da tiyatar muƙamuƙi. Wanda bai taɓa ganin fuskarka ba ta ina zai bambance? Abinda yafi faruwa shine na gaban su jeru suyi kyau a hoto amma matauna su daina haɗuwa, tauna ta zama wahala, haɗin muƙamuƙi ya fara ciwo.

Kuma ka duba abinda ya faru da manyansu ma. SmileDirectClub da aka kafa a Amurka a 2014 shine yafi kowa suna a wannan harkar ta aikowa gida, a watan Satumba 2023 ya shigar da takardar karyewar jari, a Disamba 2023 ya rufe baki ɗaya, mutane suna tsakiyar magani aka bar su ba sauran robobi ba wanda zasu kira. Wani kamfanin mai suna Byte shima a Oktoba 2024 aka dakatar da sayar da nasa. In likita ya maka tsada ka tambaye shi ko ana biya kashi-kashi, ko ka tambayi wayar ƙarfe wadda yawanci tafi roba sauƙin kuɗi kuma aikinta ba ya baya, ko ka jira ka tara, karkataccen haƙori mai lafiya zai jira ka. Tunda muna kan maganar bari in ƙara da masu ɗaura ƙaramar robar gashi a haƙora biyu wai don su haɗe, robar tana sulalewa ta shige ƙarƙashin dasashi ta bi saiwa tana yanke abinda ke riƙe da haƙorin, an sha rasa haƙoran gaba lafiyayyu ta haka, dan Allah in kunga yaro nayi ku hana shi.

Tambaya: Dakta ni malamar makaranta ce yini nake ina magana, naji ance robar na sa tsamin baki, kuma ni gaskiya mai shan shayi ce sosai kofi baya rabuwa da teburina, sannan ina tsoron ciwo. Zan iya kuwa?

Amsa: Malama tsamin bakin gaskiya ne amma baya daɗewa, harshe ya saba da wurin da yake taɓawa bayan haƙoran sama sai gashi an sa masa wani abu, harafin s da sh su zasu fi fita wani iri, cikin ƴan kwanaki zuwa sati biyu yake sabawa, kuma mai yawan magana irinki tafi saurin warwarewa, ki riƙa karatu da ƙarfi a gida kar ki riƙa cire ta don shiga aji, cirewar ce ke tsawaita abin. Miyau ma zai ƙaru a kwanakin farko sannan ya daidaita. Ciwo kuwa matsi ne da tsami a haƙoran kwana biyu zuwa uku na farkon kowace sabuwar roba, ki riƙa canja sabuwa da daddare lokacin kwanciya don mafi tsananin ya wuce kina barci, in ya dame ki farasitamol ya isa. In gefen robar na yankar dasashi ko harshe ki faɗawa likita ya goge wurin.

Shayin shine ainihin matsalarki. Da robar a baki ruwa zalla mara zafi kawai aka yarda ki sha. Zafi na lanƙwasa ta ta daina zama daidai, launin shayin na rina ta ta koma ruwan ƙasa kowa ya ganta, mafi muni kuma sukari, yana shiga tsakanin roba da haƙori ya zauna, miyau da ya saba wanke haƙora an toshe masa hanya, ƙwayoyin cuta su samu awanni suna aikinsu, sai a gama jera haƙora a tarar da fararen tabo da koguna. Lemon kwalba ma haka har yafi. Don haka shan kaɗan-kaɗan daga safe zuwa yamma dole ya tsaya, ki haɗa shayinki da lokacin cin abinci ki shanye a zama ɗaya, ki goge baki ki bi da zaren sakace sannan ki mayar. Buroshi da ƙaramin man goge baki su zauna a jakarki. In kin san a ranki ba zaki iya wannan sauyin ba tsawon shekara, ki zaɓi waya, babu abin kunya a ciki, akwai ma mai launin haƙori wadda bata fiye fitowa ba.

Wankin robar kanta da buroshi mai laushi da sabulun ruwa mara launi da ruwan sanyi, ba ruwan zafi ba, man goge baki kuma yana karce ta ta dushe. In kin cire ki sa a akwatinta, wadda aka naɗe a tishu aka ajiye gefen faranti yawanci a kwandon shara take ƙarewa.

Tambaya: Anti likita inada wushirya babba, wasu na cewa tayi min kyau ni kuma bana sonta, robar zata rufe ta?

Amsa: Zata rufe ƙanwata, rufe ƙaramin fili a gaba yana cikin aikin da take yi da kyau. Amma sai an fara sanin me ya kawo ta. Wani lokacin haƙoran ne ƙanana akan muƙamuƙin, in aka jawo biyun tsakiya suka haɗe sai fili ya buɗe a gefensu, irin wannan wataƙila ƙara musu faɗi da abin cike haƙori yafi dacewa ko a haɗa duka biyun. Wani lokacin tantanin nan da ya haɗa leɓen sama da dasashi ne ya sauko har tsakanin haƙoran yayi kauri, sai an ɗan yi masa ƙaramin aiki. Wani lokacin harshe ne ke turawa duk haɗiyar miyau. In kuma da can babu ita sai da kika girma ta buɗe tana ƙara faɗi, wannan ba ado bane alamar ciwon dasashi ce, a duba da wuri. Ki sani kuma wushirya na cikin abubuwan da suka fi saurin dawowa, kusan dole a manna miki siririyar waya ta bayan haƙoran ta zauna shekaru. In lafiyayyar wushirya ce da kika taso da ita ba cuta bace, rufewa ra'ayinki ne, ki tabbata ke kike so.

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, ɗana shekararsa 12 haƙoransa sun fito a hargitse na sama sun rufe na ƙasa gaba ɗaya, yace shi baya son waya abokai zasu yi masa dariya roba yake so, babansa yace a bari ya girma tukuna. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar a bari ya girma ki roƙi babansa ya sassauta, a kai shi a duba yanzu ko da ba za'a fara komai ba. Ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka shawararta a fara duba yaro tun yana shekara 7, dalili kuwa akwai gyaran da sai muƙamuƙi yana cikin girma ake iya yinsa cikin sauƙi, kuma shekarun da ɗanki ke ciki su ne lokacin da girman ke sauri. In na ƙasa ne ya tsaya a baya, yanzu ana iya amfani da girman a taimaka masa, in ya kai shekara 20 wannan ƙofar ta rufe saura cire haƙori ko tiyata. Kuma wanda na samansa suka turo gaba yafi saurin karya su in ya faɗi wajen wasa.

Roba ko waya kuma, ke kika san ɗanki. Yana goge baki ba sai an bi shi ba? Yana dawowa da kayan makarantarsa cikakku? Roba a hannun yaro take, zai iya fita da ita a baki ya cire a hanya ya mayar a ƙofar gida, har wasu kamfanonin na sa wani shuɗin ɗigo a jikin ta matasa wanda ke kodewa gwargwadon yadda aka sa ta don likita ya gane. Waya kuwa a manne take tana aiki ko ya so ko bai so ba. Akwai yara masu natsuwa da suke riƙe roba fiye da manya, in naki haka yake kuma likita yace yanayin cizonsa zai yiwu da ita toh bismillah, in ba haka ba ki lallashe shi ya karɓi waya. Ki bari likitan yayi magana dashi kai tsaye, yaran wannan shekarun sun fi jin maganar da aka yi dasu akan wadda aka yanke a bayansu.

Tambaya: Likita ni shekarata 54, haƙorana na gaba sun fara barbazuwa suna buɗewa alhali da a jere suke, ina da ciwon suga, in na goge baki ina ganin jini, ɗaya matauni an cire ɗaya kuma an sa masa hula, wato murfin da ake rufe kan haƙori dashi. Ko na tsufa da wannan robar?

Amsa: Baba shekaru basa hanawa, ƙashi na amsa matsi muddin mutum na raye, sai dai na babba yafi na yaro jinkiri. Amma abinda ka lissafa ya sa dole in ce maka ba roba ce farkon abinda kake buƙata ba. Haƙoran da suke a jere sannan suka fara barbazuwa a wannan shekarun, ga jini wajen goge baki ga suga, wannan hoton ciwon dasashi ne da ya fara cin ƙashi, giɓin mataunin da aka cire kuma ya ƙara wa na gaba nauyin da ba nasu ba. Suga da ciwon dasashi suna ƙarfafa juna, sugan da bai daidaita ba yana hana dasashi warkewa, kumburin dasashin kuma yana wahalar da daidaita sugan. Don haka a fara da wankin haƙora mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, a daidaita suga tare da likitanka, in kana shan taba a daina, a jira watanni a sake aunawa a ga jinin ya tsaya. Bayan nan ana iya jera su da matsi mai sauƙi a hankali, kuma anan roba na da fa'ida babba tunda kana cire ta ka goge ko'ina tas.

Mai hula yana motsi kamar kowane haƙori tunda saiwarsa na nan. Wanda baya motsi shine dashen ƙarfe da ake kafawa a ƙashi, don haka in kana da niyyar cike giɓin da dashe a bari sai an gama jerawa ko a tsara su tare. Ka faɗawa likita duk magungunan da kake sha musamman na ƙarfin ƙashi, wasunsu na rage motsin haƙori. Kuma ka shirya ganin ƴan ƙananan ramuka masu kusurwa uku a gindin haƙoran kusa da dasashi bayan an jera su, inda ƙashi ya riga ya sauka nama baya cika wurin, ana iya rage su amma gara ka sani tun yanzu.

Tambaya: Dakta ina kan roba ta 11 cikin 26, nayi tafiya na manta da ita kwana tara, yanzu na dawo ta ƙi shiga sosai akwai fili tsakaninta da bakin haƙori ɗaya, in tsallaka ta 12 ne ko yaya?

Amsa: Kar ka tsallaka ɗan uwa, ta 12 an yi ta ne akan cewa ta 11 ta gama aikinta, in ka tura ta da ƙarfi filin zai ƙaru ne kuma duk na bayanta su bi sahu. Koma ta 10, in ita ma ta ƙi ka gwada ta 9, wadda ta zauna daram ita zaka riƙe, ka kira likitanka a yau ba sai ranar da aka baka ba. Wannan ne dalilin da yasa ake cewa kar a yar da tsohuwar roba, ko ɓata sabuwa tayi ta baya zaka sa kafin a kawo wata, kar bakin ya kwana ba komai a ciki. Akwai wani ɗan guntun roba mai taushi da ake bayarwa ana cizawa, ka riƙa tauna shi mintuna kaɗan sau da yawa a rana musamman ta kan haƙorin da ya ƙi zama, yana taimakawa robar ta shige. In bayan sati biyu filin na nan likita zai sake ɗaukan siffar bakin a buga sabbin robobi daga inda haƙoran suke, kuma wannan ba faɗuwa bace, mutane da yawa ko basu yi sakaci ba sai an ƙara musu zagaye na biyu a ƙarshe don haƙori baya bin kwamfuta ɗari bisa ɗari. Ka tambaya tun yanzu ko ƙarin yana cikin kuɗin da ka biya. Kuma ka faɗa masa gaskiyar kwana taran, da ita zai san ko tsarin ne da matsala ko rashin sawa ne.

Tambaya: Na gama nawa shekara biyu da suka wuce sunyi kyau sosai, an bani wata roba akace in riƙa kwana da ita nayi wata uku na daina, yanzu na ƙasa sun fara hawa kan juna kuma, wata ƙawata tace haƙorin hankali, wato mataunin ƙarshe na can ƙurya, shi ne ke turo su in je a cire. Dakta kuɗina ya tafi kenan?

Amsa: Ƴar uwa naji zafin wannan saƙon, kuma ke ba ke kaɗai bace, a nan ne mafi yawan mutane ke asarar wahalarsu. Ranar da aka cire roba ta ƙarshe haƙoran sun isa inda ake so amma abinda ke riƙe dasu bai gama yarda ba. Zaruruwan da ke kewaye da saiwa suna ɗaukan wata 3 zuwa 4 kafin su sake tsari, na cikin dasashi kuwa masu jan haƙorin da aka juya suna iya kaiwa shekara suna ja, ke kuma a daidai wata uku kika saki. Bayan wannan ma, haƙoran ƙasa na gaba suna matsewa da shekaru ga kowa har wanda bai taɓa gyara ba, shi yasa yanzu likitoci basa cewa shekara ɗaya ko biyu, cewa suke ki riƙa kwana da robar riƙon muddin kina son su zauna a jere.

Haƙorin hankali kuma an daɗe ana ɗora masa laifin, amma waɗanda aka cire musu da waɗanda basu da shi tun asali suma nasu na cunkushewa, don haka kar a cire shi saboda wannan dalilin kaɗai, in yana ciwo ko ya kwanta yana lalata na kusa dashi wannan magana ce daban.

Kuɗinki bai tafi duka ba in kika motsa yanzu. Ɗauko tsohuwar robar ki gwada a hankali, in ta shiga da ɗan matsi kaɗan ta zauna har ƙasa ki kai ta wurin likita ya gani, wataƙila yace ki sa ta dare da rana na wasu makonni ta mayar dasu. In bata shiga ba sai da ƙarfi ko tana tsayawa a rabi kar ki tilasta, zata iya tsagewa ko ta danna haƙori ta inda ba'a so. A irin wannan ana yin gajeren zagaye na sabbin robobi, sau da yawa ƴan watanni ne tunda gyaran kaɗan ne. In an gama wannan karon ki nemi a manna miki siririyar waya a bayan haƙoran ƙasa shida na gaba sannan ki haɗa da robar kwana, wayar tana buƙatar ki koyi zura zaren sakace ta ƙarƙashinta kuma a riƙa duba ta duk zuwa wankin haƙori ko wani gefe ya ɓalle. Ta kwanan ma tana tsufa, in ta tsage ko kika ji ta yi sako-sako a buga miki sabuwa, kuma duk daren da kika sa kika ji ta matse fiye da jiya alama ce haƙoran sun fara motsi, sai ki ƙara awannin sawa ki kira likita.